Me Za a Yi, Wace Rana, Ƙarfe Nawa: Tsara Ayyuka da Manhajar Hira

Jama'a masu sauraro, wannan shirinmu ne na fasahar zamani da rayuwar yau da kullum.

Yau maganar mantuwa za mu yi, da wata hanya ta rage ta. Hanyar tana cikin wayar da ke aljihunka. Manhaja ce da kake rubuta wa umarni kamar kana tura wa mutum saƙo. Ka ce ta ajiye maka aiki, ta ajiye. Ka ce ta nuna maka abin da ya rage, ta jero maka. In lokaci ya yi, ta turo saƙo ta tuna maka. Masu harkar kwamfuta suna ce mata bot. Mu a nan manhajar hira za mu riƙa cewa.

Shirin namu kashi biyar ne. Na farko, mece ce manhajar hira, kuma yaya take aiki. Na biyu, me ya sa rubuta aiki ke sauke wa mutum nauyi. Na uku, yadda ake ba ta umarni, kuma nan ne za mu fi daɗewa. Na huɗu, ayyukan da ke maimaituwa. Na biyar, tsaro.

Kafin mu shiga, ga tambayoyi uku da nake so ku riƙe. Me za a yi? Wace rana? Ƙarfe nawa? Za ku yi ta jin su har ƙarshen shirin, domin su ne ƙashin bayan maganar.

To, kashi na farko. Mece ce manhajar hira?

Malam, kada sunan ya ba ka tsoro. Ai ka daɗe kana bai wa na'ura umarni a rubuce. Duk lokacin da ka danna tauraro, uku, ɗaya, sifili, sannan alamar hash don ka ga sauran kuɗin kiranka, umarni ka bayar. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta haɗe waɗannan lambobi suka zama iri ɗaya a duk layukan waya: *310# na duba kuɗi, *312# na sayen data. Ka danna daidai, amsa ta zo. Ka kuskure lamba ɗaya, a ce maka ba a gane ba. Haka manhajar hira take, sai dai ita da kalmomi ake yi mata magana, kuma a cikin shafin hira take zaune.

Abin ba na yau ba ne. Tun 1966 wani masani mai suna Joseph Weizenbaum, a jami'ar MIT ta Amurka, ya ƙirƙiri manhajar da ya sa wa suna ELIZA. Mutum ya rubuta mata magana, ta mayar masa da amsa. A 2015 manhajar Telegram ta buɗe ƙofa, ta ce duk wanda ya iya shirya manhaja zai iya ƙera tasa manhajar hirar a cikinta. A nan gida, bankin UBA ya fito da tasa mai suna Leo a 2018, mutane suna duba asusunsu ta hanyar hira. Sai kuma ƙarshen Nuwamban 2022, da ChatGPT ta fito, maganar ta game duniya.

Yaya take aiki? Ku saurara da kyau, don wannan zai yi muku amfani nan gaba. Saƙon da ka rubuta ba a wayarka yake tsayawa ba. Ta intanet yake bi ya je wata kwamfuta da ke can nesa, wadda ake kira saba. Saba kwamfuta ce da ba a kashewa, dare da rana tana jiran saƙonni. Ita ke karanta umarninka, ta ajiye aikin, ta riƙa duba agogo. Da lokaci ya cika, sai ta turo maka saƙo. Ke nan in babu data a wayarka a wannan lokacin, saƙon ba zai shigo ba sai ka kunna. Ku riƙe wannan.

Manhajojin hira iri biyu ne. Akwai masu ƙayyadadden umarni. Waɗannan kalmomi kaɗan suka sani, kuma sai ka rubuta su yadda aka tsara. Akwai kuma masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda za ka yi wa magana yadda ka ga dama su yi ƙoƙarin fahimta. Na farkon suna da taurin kai, amma in sun ce sun ajiye, to sun ajiye. Na biyun suna da daɗin sha'ani, amma sukan yi maka fahimtar da ba ka nufa ba. Wata ma za ta amsa maka da cewa za ta tuna maka, alhali ba a haɗa ta da agogon da zai sa ta turo saƙo ba. Shi ya sa duk wadda ka ɗauka, sai ka gwada ta tukuna.

Duk irin da ka samu, ka ɗauke ta kamar sabon ɗan aike mai riƙon amana amma marar dabara. Ba ya mantuwa, ba ya ƙorafi, ba ya gajiya. Sai dai abin da ka faɗa masa shi kaɗai zai yi. Abin da ka bari a zuciyarka, bai ji ba.

Kashi na biyu. Me ya sa za ka rubuta? Wani zai ce, ai ni kaina na ja, ba na mantuwa.

To, Allah ya ƙara basira. Amma ka lura da abin da ke faruwa in ka kwanta da dare. Kuɗin makarantar yara ya faɗo maka. Ka juya, alkawarin da ka yi wa maƙwabci ya faɗo. Ka sake juyawa, ka tuna ba ka kira mai gyaran famfo ba. Da safe kuma, da hayaniya ta taso, duk su ɓace. Sai dare ya sake yi su dawo.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1927 wata masaniya mai suna Bluma Zeigarnik, da ke bincike a birnin Berlin na Jamus, ta ba da rahoton cewa mutane sun fi tuna aikin da aka katse su ba su gama ba, a kan wanda suka kammala. Wato aikin da ba a gama ba yana maƙale a rai. A 2011 wasu masana biyu a Amurka, Masicampo da Baumeister, suka ƙara wani abu a kai. Sun gano cewa ba sai ka gama aikin ba kafin ya daina damunka. In ka tsara takamaiman yadda za ka yi shi da lokacin da za ka yi, damuwar takan ragu.

Kun ji inda maganar ta dosa? Faɗin cewa ina da aiki ba ya sauke nauyi. Abin da ke sauke shi shi ne tsayar da magana: ga abin da za a yi, ga ranar, ga lokacin. Amfanin manhajar hira ke nan. Tana tilasta maka ka tsayar da magana, don ita ba ta karɓar kame-kame.

Kuma tana da sauƙin kai hannu. Littafin rubutu yana gida, kai kana kasuwa. Amma shafin hira kullum a buɗe yake, ko ba komai kana cikinsa kana amsa saƙonni. Aiki ya faɗo maka, ka rubuta layi ɗaya, ka ci gaba da harkarka.

Masu sauraro, yanzu mun zo kashi na uku, yadda ake ba da umarni. Wanda ke da waya a kusa, ya ɗauko ta.

A Telegram, umarni yana farawa da wata alama, layin nan mai karkace da ake raba rana da wata da shi in ana rubuta kwanan wata. Ka sa shi, ka bi shi da kalma, ba tare da tazara ba. Kalma biyu ce kusan kowace manhajar hira ta sani. Ta farko start, ma'anarta fara. Da ita ake buɗe hira. Ta biyu help, ma'anarta taimako. Ka tura ta, manhajar za ta jero maka umarnin da take ganewa. Duk lokacin da ka rikice, help ce mafita.

Bayan waɗannan, umarni biyar ne ke ɗauke da aikin. Sunayensu sukan bambanta daga manhaja zuwa manhaja, kuma galibi da Turanci suke, amma aikinsu ɗaya ne. Na ɗaya, ƙara aiki, yawanci add ake rubutawa. Na biyu, nuna jerin ayyuka, list. Na uku, na gama, done. Na huɗu, ɗaga aiki zuwa wani lokaci, snooze. Na biyar, goge aiki, delete. Bari in sake: ƙara, nuna, gama, ɗaga, goge. Wanda ya riƙe biyar ɗin nan ya riƙe kusan komai.

Ma'aikatan ofis da ke amfani da manhajar Slack sun san irin wannan. A can, ka sa layin nan mai karkace, ka rubuta remind, ka faɗi abin da za a tuna maka da lokacin, shi ke nan.

To, a ina ake yin kuskure? Wajen rubuta aikin kansa. Mu ɗauki tela, saura mako biyu Sallah. Yadi ya cika shago. Shadda a nan, atamfa a can, kowa ya zo sai ya ce nasa ne na gaggawa. Telan nan ya ɗauki waya ya rubuta wa manhaja: kayan Alhaji. Ta ajiye. Bayan kwana uku ya buɗe jeri, ya ga kayan Alhaji. Wane Alhajin? Alhazai huɗu ne suka kawo ɗinki. Kuma me za a yi wa kayan? Yanka za a yi, ko kai wa mai aiki, ko kai wa mai bugu, ko kiran mai su ya zo ya karɓa? Manhajar ba ta yi laifi ba. Abin da aka ba ta shi ta mayar.

Ga yadda ya kamata ya rubuta: kai farar shaddar Alhaji na layin masallaci wurin mai aiki, Talata, ƙarfe 10 na safe. Kun ji bambanci? Me za a yi? Kai shadda wurin mai aiki. Wace rana? Talata. Ƙarfe nawa? Goma na safe. Ran Talata in saƙo ya shigo, babu sauran tunani. Sai dai ya naɗe shadda ya miƙa wa yaro.

Ga ƙa'ida ta farko ke nan: fara da kalmar aiki. Kira, saya, kai, biya, karɓo, tambayi. In layin da ka rubuta bai fara da irin waɗannan ba, to suna ka ajiye, ba ka ajiye aiki ba.

Ƙa'ida ta biyu: babban aiki a farfasa shi. Uwargida, in kika rubuta bikin ƙanwata, me manhaja za ta tuna miki? Biki ai ba aiki ɗaya ba ne. Akwai zaɓen anko, akwai kiran mai lalle, akwai biyan kuɗin wurin taro, akwai raba kati. Kowanne layinsa daban, ranarsa daban. Wani marubuci ɗan Amurka, David Allen, ya fitar da littafi a 2001 kan tsara ayyuka, kuma shawararsa da ta fi shahara ita ce ka nemi mataki na gaba da za ka iya yi da hannunka, shi za ka rubuta. Ya kuma ce aikin da ba zai wuce minti biyu ba, yi shi nan take. Wannan gaskiya ce. Kiran da za ka yi yanzu ka gama, ba sai ka ɓata lokacin rubuta shi ba.

Ƙa'ida ta uku ita ce ta lokaci, kuma nan ne mu Hausawa za mu fi kula. Mu da salla muke auna wuni. Sai bayan la'asar. Kafin magariba. Da an sauko Juma'a. Tsakaninmu wannan ya wadatar, kowa ya gane. Muna kuma da anjima, da in an kwana biyu, da wani satin. Manhaja mai ƙayyadadden umarni ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Agogo ta sani. Don haka sai ka mayar mata da la'asar zuwa ƙarfe. In ana sallar la'asar ƙarfe 4 a masallacinku, rubuta 4 da rabi. Kuma ka tuna lokacin salla yana motsi. A Kano, faɗuwar rana a watan Nuwamba da faɗuwarta a watan Yuli akwai tazarar kusan awa guda. Tunin da ka sa na bayan magariba a lokacin sanyi, in damina ta zo sai ka gyara shi.

Akwai tarko uku a maganar lokaci. Na farko, safe da yamma. Yawancin manhajojin nan suna amfani da haruffa biyu: AM daga tsakar dare zuwa tsakar rana, PM daga tsakar rana zuwa tsakar dare. Ka rubuta 4 ka manta ba ka sa PM ba, wata manhajar ƙarfe 4 na asuba za ta tashe ka. Hanya mafi aminci ita ce agogon awa 24. Ƙarfe 4 na yamma shi ne 16:00. Ƙarfe 8 na dare shi ne 20:00.

Tarko na biyu, kwanan wata. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata. Amurkawa wata suke farawa da shi. In ka rubuta uku, layi, huɗu, kai kana nufin 3 ga Afrilu, manhajar da aka ƙera a tsarin Amurka za ta ɗauka 4 ga Maris ce. Maganin abin, rubuta sunan watan da haruffa. Sannan galibinsu da kalandar Miladiyya suke lissafi. In aikinka ya rataya a kan watan Musulunci, ka duba ranar da ya faɗa, ka kuma bar wa ganin wata sararin kwana ɗaya.

Tarko na uku, agogon ƙasa. Sabar da muka ambata tana iya kasancewa a wata ƙasa, tana bin wani agogo. Shi ya sa manhaja mai kyau takan tambaye ka inda kake tun farko. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi duk agogonsu ɗaya, in ka zaɓi Legas ko Yamai ya yi. Masu sauraronmu na Ghana, ku kuna bayanmu da awa ɗaya. Na Sudan kuna gabanmu da awa ɗaya. Wanda ya tafi Saudiyya aikin Hajji ko Umara, can suna gabanmu da awa biyu. In ka yi tafiya, duba wannan saitin.

Abu na ƙarshe a wannan kashi: karanta amsar da ta ba ka. Manhaja mai kyau takan maimaita abin da ta ajiye, da ranar da lokacin. Kada ka tura ka rufe waya. Daƙiƙa biyar na dubawa ya fi kuskuren rana guda.

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan tsara ayyuka da manhajar hira. Mun ce tambaya uku ce: me za a yi, wace rana, ƙarfe nawa. Ga kashi na huɗu, ayyukan da ke dawowa.

Nan ne manhajar ta fi nuna amfaninta. Akwai ayyukan da ba sa ƙarewa. Zubin adashe duk Juma'a. Kuɗin wuta duk ƙarshen wata. Maganin hawan jini na Baba kullum da safe. Irin waɗannan sau ɗaya ake rubuta su, a ce wa manhaja ta riƙa maimaitawa kullum, ko duk mako, ko duk wata.

Mu ɗauki mai jego. Rigakafin jariri yana da ranaku. Akwai na lokacin haihuwa, sai na mako 6, na mako 10, na mako 14, sannan allurar ƙyanda a wata 9. Tsakanin mako 14 da wata 9 akwai tazara mai tsawo, kuma a irin wannan tazarar mantuwa ke shigowa. Hajiya, ranar da kika dawo daga asibiti, ki buɗe katin nan da aka ba ki, ki shigar da ranar da ma'aikaciyar lafiya ta rubuta. Ki sa tuni biyu: ɗaya ana jibi, don ki tanadi kuɗin mota, ɗaya da safiyar ranar. Katin shi ne madogara. Manhaja tuni kawai take yi.

Sai dai a yi hattara da yawa. In ka cika manhaja da tuni ashirin a wuni, wayarka za ta yi ta ƙara, kai kuma ka saba da share su ba tare da ka karanta ba. Ran da muhimmin zai shigo, da shi za ka share. Abin da ke da ƙayyadadden lokaci, shi za ka sa wa tuni. Sauran su zauna a jeri.

Jerin kuma sai ana duba shi. Sau biyu a wuni ya isa. Da safe, bayan ka karya, tura umarnin nuna jeri. Zaɓi uku da ba za ka kwana ba ka yi ba. Da dare, ka sake buɗewa. Wanda ka gama, ce mata ka gama. Wanda bai samu ba, ɗaga shi, amma ka ba shi sabuwar rana da sabon lokaci.

Umarnin ɗagawa yana da daɗi, kuma nan haɗarinsa yake. Bahaushe ya ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. In ka ga ka ɗaga aiki sau uku, tsaya ka tambayi kanka. Ko dai ya yi girma, sai a farfasa. Ko ba naka ba ne, sai ka miƙa wa mai shi. Ko kuma ba ka da niyyar yi, sai ka goge, ka kira wanda ka yi wa alkawari ka ba shi haƙuri. Alkawari kaya ne, kuma sauke shi da gaskiya ya fi a yi ta jan sa.

Kashi na biyar kuma na ƙarshe, tsaro. Jama'a, a nan nake so ku ba ni kunnuwanku duka.

A Telegram kowa na iya ƙera manhajar hira, kyauta. Mutumin kirki na iya yi, ɗan damfara ma na iya yi. Kuma abin da ka rubuta mata yana isa ga sabar wanda ya ƙera ta, yana iya karantawa. Hira da manhaja ba ta da irin kullen nan da ke hana kowa gani sai kai da wanda ka tura wa. Saboda haka akwai abubuwan da ba a rubuta mata ko da wasa. Lambar sirrin katin banki. Lambar BVN. Lambar NIN. Lambobin nan da banki ke turowa na amfani sau ɗaya. Manhajar tsara ayyuka ba ta da abin yi da ko ɗaya daga ciki. Duk wadda ta nema, toshe ta.

Sirrin mutane ma amana ne. In kana bin wani bashi, rubuta kira mai shago kan maganar kuɗi, ya isa. Ba sai ka sa cikakken sunansa da adadin ba. Haka maganar rashin lafiyar wani. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, amma in mai manhajar yana wata ƙasa kuma ba ka san ko wane ne ba, bin haƙƙinka zai yi wuya. Abin da ba ka tura ba, babu mai iya ɗauka.

Ga wata alama da za ta taimake ku. A Telegram, manhajar hira ba ta iya fara yi maka magana sai kai ka fara buɗe ta. In wani asusu ya faɗo maka haka kawai yana cewa shi manhajar banki ne ko na tallafi, yi shakka.

Wanda kuma bai yarda da manhajar kowa ba, akwai mafita. Telegram tana da shafin ajiyar saƙonninka, wanda ake kira Saved Messages. Rubuta aikin a ciki, danne maɓallin turawa ka riƙe, za ta ba ka damar sa ranar da lokacin da za ta tuna maka. WhatsApp ma tun ƙarshen 2022 ta ba da damar mutum ya tura wa lambarsa saƙo, wuri ne mai kyau na tara ayyuka. Wanda rubutu ke yi wa wuya, ya yi saƙon murya a can.

Sai maganar data da muka ce ku riƙe. Babu intanet, babu tuni. Wasu wayoyin Android kuma, in aka kunna tanadin batir, sukan danne sanarwar manhajoji. Ka shiga saiti ka ba manhajar izinin sanarwa. Abin da kuwa kuskurensa ke da tsada, kamar shan magani, ko jarrabawa, ko jirgi, ka haɗa masa da ƙararrawar agogon waya. Ita ba ta buƙatar data. Kuma lokaci-lokaci ka kwafe muhimman ranaku a takarda, don manhajar da mutum ɗaya ke kula da ita yana iya rufe ta ba tare da sanarwa ba.

To, masu sauraro, mu tattara. Manhajar hira tana ajiye abin da ka rubuta, tana mayar maka da shi a lokacin da ka faɗa. Umarni biyar ne: ƙara, nuna, gama, ɗaga, goge. Kowane aiki ya fara da kalmar aiki, ya amsa tambaya uku: me za a yi, wace rana, ƙarfe nawa. A karanta amsar da ta bayar. A duba jeri safe da dare. Lambobin sirri kuma ba a rubuta mata su.

Ga aikin gida na wannan mako. Yau ɗin nan, ka gwada da abu ɗaya. Ce wa manhajar ta tuna maka ka sha ruwa nan da minti biyar, ka ajiye waya ka jira. In saƙo ya shigo a kan lokaci, agogonta daidai yake, sanarwa na aiki. In bai shigo ba, ka gano matsalar tun ba ta jawo maka asara ba. Bayan nan sai ka shigar da ayyuka uku na gobe, uku kacal. Ka yi haka har kwana bakwai kafin ka ƙara. Wanda ya iya kuma ya zauna da mahaifiyarsa ko maƙwabcinsa ya saita musu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda iyali ko 'yan ƙungiya za su raba ayyuka a zaure ɗaya na hira ba tare da an yi ta tura wa juna laifi ba. Kafin nan, Allah ya ba mu ikon cika alkawari, ya sa albarka a lokacinmu.